Ƙaramar bindiga a ƙarƙashin babbar riga

Akwai wani irin bidiyo da ya yawaita a wayoyin sa'o'ina a 'yan shekarun nan. Ba'amurke ne zaune a bakin teburi, ya jera ƙananan bindigogi huɗu ko biyar, yana ɗaukar su ɗaya bayan ɗaya yana bayani: wannan ta fi sauƙin kuɗi, wannan ta fi daɗin riƙo, wannan kuwa in ka soke ta a ƙugu ko matarka ba za ta lura ba. Likitoci da lauyoyi da malaman jami'a na kallon waɗannan bidiyoyi, suna tura wa juna. A majalisar da nake zama da yamma a Ƙofar Durbi akwai mutane biyu da suka haddace sunayen bindigogin nan kamar yadda yaranmu suka haddace sunayen 'yan ƙwallon Ingila, alhali babu wanda ya taɓa riƙe ko ɗaya a cikinsu.

Ba na yi musu dariya, domin na san abin da ke kai su. Wanda aikinsa ke sa shi bin hanyar Jibiya ko ta Ƙanƙara zuwa Sheme, ko wanda iyayensa ke zaune a wani ƙauye na Batsari ko Safana, ba shagala ce ke sa shi tunanin makami ba. Tun daren 11 ga Disambar 2020, lokacin da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar kimiyya ta Ƙanƙara, Shugaban ƙasa na Daura a lokacin, kowane Bakatsine ya gane cewa babu wanda ya fi ƙarfin a ɗauke shi. A Fabrairun 2025 har gida aka bi Janar Maharazu Tsiga mai ritaya, tsohon shugaban hukumar yi wa ƙasa hidima, aka tafi da shi daji ya yi kusan wata biyu. In haka ta faru da janar, me malamin makaranta zai ce?

Saboda haka na ɗauki tambayar da muhimmanci, na bi diddiginta. Abin da na tarar shi ne ƙaramar bindigar da ake ɓoyewa a jiki amsa ce mai kyau ga tambayar da aka yi a wata ƙasa. Tamu tambayar daban ce, kuma wannan amsa ba ta shige ta ba.

Bari mu fara da ba wa Ba'amurken nan haƙƙinsa, domin abin da yake faɗa yana da ma'ana a inda yake. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 2008 cewa mallakar ƙaramar bindiga a gida haƙƙi ne na ɗaiɗaikun 'yan ƙasa, sannan a 2022 ta ƙara da cewa haƙƙin ya haɗa da fita da ita waje don kare kai. Fiye da rabin jihohin ƙasar yanzu ba sa ma neman lasisi kafin mutum ya ɗauki bindiga a ɓoye. Ƙididdigar cibiyar Small Arms Survey ta 2017 ta nuna bindigogi kusan 120 a hannun kowane farar hula 100 a Amurka, a Najeriya kuwa kimanin 3. A irin wannan kasuwa zaɓen bindiga kamar zaɓen mota ne. Glock 19, ƙirar ƙasar Ostiriya, tana ɗaukar harsashi 15, kuma ita ce ma'aunin da ake gwada sauran da shi. SIG P365, wadda ta fito a 2018, ta yi suna saboda ta cusa harsashi 10 a jikin da faɗinsa bai wuce inci ɗaya ba. Kamfanin Taurus na Birazil kuwa ya kama kasuwar marasa ƙarfi, da bindigogin da ake samu a kan dala 300 ko ƙasa da haka.

Amma masu gaskiya daga cikin masu bayanin nan suna faɗin wani abu da masu kallo a nan ba su cika tsayawa a kansa ba. Duk abin da ya sa bindiga ta yi sauƙin ɓoyewa, shi ne ke sa ta yi wuyar harbawa. In ta yi rashin nauyi, bugun da take yi wa hannu idan harsashi ya fita sai ya ƙaru, domin babu ƙarfen da zai shanye shi. In marikinta ya gajarta, ƙaramin yatsa ba ya samun wurin zama. In bututunta ya gajarta, tazarar da ke tsakanin alamun saiti biyu ta ragu, sai kuskuren da bai kai kaurin gashi ba a hannunka ya zama kamu guda a wurin da kake nufi. Ga kunama kuma: yatsan da ke jan ta yana yaƙi da nauyin da ya ninka na bindigar kanta sau da yawa, kuma a wannan ja ne yawancin masu koyo ke karkatar da bakin. Duk wanda ya san makamai zai gaya maka cewa a cikin bindigogi babu mai wuyar ƙwarewa kamar ƙarama.

Adadi ɗaya ya ishe ni a nan. Cibiyar RAND ta yi nazarin harbe-harben 'yan sandan birnin New York daga 1998 zuwa 2006, ta gano cewa idan ana musayar wuta, harsashi 18 ne kacal cikin 100 ke samun wanda aka nufa. Waɗannan mutane ne da aka horar, ake sake gwada su lokaci-lokaci, gwamnati ke saya musu harsashin atisaye. Sauran 82 ɗin fa? Kowane ɗayansu ya sauka a wani wuri. Mai karatu ya ɗauki wannan lissafi ya kai shi lungun cikin birni da magariba, inda yara ke dawowa daga Islamiyya, mai ƙosai na bakin hanya, katangar gidan maƙwabci kuwa ta ƙasa ce.

Kuma Ba'amurken da ya sayi tasa da arha bai gama biya ba. Sai ya sayi kube mai tauri da zai rufe kunamar gaba ɗaya, da akwatin ƙarfe na ajiya, da kuɗin malami, da ɗaruruwan harsasai da zai ƙona a filin koyon harbi kafin hannunsa ya faɗa, sannan ya riƙa komawa, domin ƙwarewar tana dushewa in an bar ta. Arhar tana cikin tsarin da ke kewaye da bindigar: shago mai lasisi, filin atisaye a bayan gari, lauya in abu ya faru. A nan ko dala 300 ɗin ma, a canjin naira 1,500 na shekarar 2025, ta kai naira 450,000, wato fiye da albashin wata shida na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000. Filin da farar hula zai je ya koyi harba ƙaramar bindiga da izinin hukuma kuwa, ban taɓa jin wani a majalisarmu ya ce ga inda yake ba.

Wannan ya kawo mu ga doka, wadda ita ce ya kamata a fara tambaya amma ake barin ta ƙarshe. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ce, ta girmi 'yancin kai da shekara ɗaya, kuma har yau ita ce ginshiƙi. Ta kasa bindigogi gida uku. A ƙasa akwai masu ɗuri ta baki, irin adakar mafarauta, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. A tsakiya akwai waɗanda ta kira na ƙashin kai, kamar bindigar farauta mai baki ɗaya ko biyu da bindigar iska, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. A sama kuma akwai haramtattu, waɗanda babu mai riƙe su sai da lasisin Shugaban ƙasa. A wannan aji na sama aka jera igwa, da roka, da bom, da gurneti, da mashinga, da bindigogin soja. A cikin jerin nan, kafaɗa da kafaɗa da igwa, aka rubuta fistol da libarba. Wanda aka kama da ɗaya daga cikinsu ba tare da lasisi ba, hukuncinsa ɗaurin da bai gaza shekara 10 ba.

Mutane da yawa na mamaki idan suka ji haka. Yaya abin da bai fi tafin hannu ba zai zauna aji ɗaya da igwa, alhali doguwar bindigar farauta, wadda ta fi shi ɓarna a kusa, tana aji na biyu? Dalilin shi ne ainihin abin da ake yabon ta da shi a bidiyo. Doguwar bindiga tana shelar kanta. Duk wanda ya rataya ta, gari ya gani. Ƙarama kuwa an ƙera ta ne don kada a gani, kuma hukuma ba ta tsoron makami kamar wanda ba ta iya gani. A watan Agustan 2023 ma rundunar 'yan sanda ta sanar da dakatar da ba da sababbin lasisin ƙananan makamai, wato har ƙofar aji na biyun aka tura.

Wannan rabe-rabe yana da tushe da ya wuce 1959. A taron Barasal na 1890 ƙasashen Turai suka amince su hana shigar da bindigogin zamani wani yanki mai faɗi na Afirka, suka bar wa 'yan ƙasa tsofaffin masu ƙyastu da albarushin kasuwa. Shekara 13 bayan haka, a 1903, aka ga amfanin wannan shawara a Kano da Sakkwato da Burmi, inda dawaki da masu da 'yan bindigogin ɗuri suka tari mashinga. Adakar da mafarauci ke saɓawa yau jikar wancan tsari ce: makamin da aka yarda talaka ya riƙe domin ba ya barazana ga mai mulki. Sunan da ake yi mata na harba-ka-ruga ya faɗi komai game da ita.

Sai dai kada mu ɗora wa Turawa komai. Sarakunanmu ma ba su saki bindiga a hannun kowa ba. Binciken Joseph Smaldone kan yaƙi a Daular Usmaniyya ya nuna cewa da bindigogi suka yawaita a ƙarshen ƙarni na 19, sarakuna sun fi damƙa su ga bayinsu na fada, waɗanda ba su da dangin da za su haɗa kai da su a yi tawaye. Waɗannan su ne 'yan bindiga na asali, waɗanda jikokinsu ke cika gari da ƙarar albarushi a hawan Sallah. Abin baƙin ciki ne yadda sunan ya sauya hannu a zamaninmu. Yaron da aka haifa a Faskari bayan 2010, in ka ce masa 'yan bindiga na zuwa, ba zai fito kallon hawa ba.

Ɓoye makami a jiki kuwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Wuƙar damtse, wadda ake ɗaura kubenta a hannu a rufe da hannun riga, tsohon kayan matafiya ne daga Azbin har ƙasar Hausa. Ƙofar da nake zaune kusa da ita ma tana tuna mana wani abu makamancin haka. Sunanta daga sarautar Durbi ne, ta zuriyar Durɓawa da suka fara mulkin Katsina, waɗanda kusheyin sarakunansu ke can ƙasar Mani. Labarin baka ya ce mulkinsu ya ƙare ne a filin kokawa, inda baƙo Korau ya kayar da Sanau ya yanka shi, kuma takobin da ake dangantawa da wannan rana, Gajere, yana cikin kayan sarautar Katsina har yau. Ko labarin ya faru haka ko bai faru ba, abin lura shi ne inda gajeren makami ya fito a cikinsa. Ya fito ne tsakanin mutum biyu da suka san juna, suna tsaye gab da gab. Da magabata suka tashi kare garin daga mahara, ganuwa suka gina, wadda Barth ya ƙiyasta kewayenta da mil 13 zuwa 14 lokacin da ya zo a 1851, suka sa mata ƙofofi, kowace da mai tsaronta, ana rufewa da dare.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar. An ƙera ƙaramar bindiga domin haɗuwar mutum ɗaya da mutum ɗaya ko biyu, a tazarar 'yan taku, cikin daƙiƙoƙi kaɗan: ɗan fashi a wurin ajiye mota, ɓarawo a falo. Harsashinta na 9mm, a hannun gwani ma, amfaninsa bai cika wuce mita 50 ba. Wanda ke tare hanya a gefen dajin Rugu ba shi kaɗai yake zuwa ba. Suna zuwa a kan babura da yawa, biyu-biyu ko uku-uku, da AK-47 mai ɗaukar harsashi 30, wadda ke kaiwa mita 300 ta huda ƙofar mota kamar takarda. Su suka zaɓi wurin, su suka zaɓi lokacin. Kai kana riƙe da sitiyari, iyalinka na baya. A ce ka yi sa'a ka zaro ta daga ƙarƙashin babbar riga da 'yar ciki (babbar riga gwana ce wajen ɓoye abu, amma duk wanda ya taɓa neman wayarsa tana ƙara a cikinta ya san ba gwana ba ce wajen miƙo shi), ka harba sau biyu. Abin da ka yi shi ne ka mayar da garkuwa da mutane, wadda sau da yawa ake fita daga cikinta da rai ko da an talauce, ta zama ruwan wuta a kan motar da 'ya'yanka ke ciki. In kuma ba ka harba ba suka laluba suka same ta, sun ɗauke ka jami'in tsaro, kuma an san abin da suke yi wa jami'an tsaro.

A cikin birni matsalar wata ce. Abin da ke damun mai tafiya a ƙafa da dare a Katsina shi ne ƙauraye da masu ƙwacen waya, yara matasa da wuƙaƙe da adduna. A nan kam ƙaramar bindiga na iya aiki, ban musanta ba. Amma sai mutum ya tambayi kansa ko a shirye yake ya kashe ɗan shekara 17 saboda waya, sannan ya tsaya gaban alƙali. Sashe na 33 na tsarin mulkin 1999 ya yarda da kare kai da dukiya da ƙarfin da ya dace da larura, dokar final kod ma haka. Sai dai haƙƙin kare kai daban, izinin mallakar makami daban. Kotu na iya wanke ka daga laifin kisa ta ɗaure ka shekara 10 saboda abin da ka yi kisan da shi.

Akwai kuma kwanakin da babu abin da ya faru, waɗanda su ne kusan dukkan kwanakin. Mai bidiyo yana zaune ne a gida mai mutum uku ko huɗu, kowa da ɗakinsa da makullinsa. Gidan da na tashi a cikinsa, da wanda nake ciki yanzu, ba a taɓa sanin adadin masu kwana a cikinsu ba sai an ƙirga kwanukan tuwo. 'Ya'yan 'yan'uwa, baƙin ƙauye da suka zo asibiti, almajirin da ke aike, yaran maƙwabta da ke shiga har uwar ɗaka ba sallama. Babu loko a irin wannan gida da yaro ɗan shekara tara bai san da shi ba. Sau biyar a rana za ka tsuguna alwala, ka shiga sahu kafaɗa da kafaɗa, ka yi ruku'u da sujada. Ina za ka ajiye ta? In a jikinka take, na bayanka ya gani. In a mota ka bari, ka ajiye wa ɓarawo. A Amurka, inda ake da alƙaluma, mutum 48,830 ne bindiga ta kashe a 2021, kuma fiye da rabinsu su suka harbe kansu. Mu ba ma son wannan zance, muna cewa imani ya tsare mu. Allah Ya sa haka. Amma ɓacin rai na dare ɗaya, da rikicin gado, da faɗan kishi, da matashin da ƙwaya ta juya wa kai, duk muna da su, kuma abin da ke raba su da makabarta sau da yawa shi ne babu makamin da ke gama aiki cikin daƙiƙa ɗaya a kusa.

Sannan ga hanya. Mai zuwa Jibiya daga Katsina ya san yawan shingayen da zai tsaya a kansu a tafiyar da ba ta kai awa ɗaya ba. A yankin da ake farautar masu safarar makamai da masu kai wa 'yan daji rahoto, wanda aka samu da fistol marar takarda ba zai sami damar bayanin cewa shi likita ne mai tsoron hanya ba sai bayan an nuna shi ga 'yan jarida. Abin da ya faru a Uromi ta jihar Edo a Maris ɗin 2025 ya fi haka muni: mafarauta 16 'yan Arewa da ke hanyar komawa Kano daga Fatakwal, aka ga bindigogin farauta a motarsu, taron jama'a ya kashe su. Bindigogin nan na ajin da doka ta fi sassauta wa ne. Ganin su kawai ya wadatar.

Duk da haka, in na tsaya a nan na yi rashin adalci, domin ba 'yan majalisarmu ne suka ƙirƙiro zancen ba. Daga bakin hukuma ya fito. A Agustan 2021 Gwamna Aminu Bello Masari ya gaya wa mutanen Jibiya su nemi makamai su kare kansu, ya kuma maimaita a ƙarshen shekarar. Wannan gwamna ne da ya gwada sulhu da 'yan daji har sau biyu, ya ga yadda ya watse. A Yunin 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta Zamfara ta wuce nan, ta ce za ta raba takardun neman lasisi 500 ga kowace masarauta cikin 19 na jihar. Babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan iko. Ta fuskar doka janar ɗin ya yi daidai, domin makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka. Amma ka dubi inda aka bar manomin Ɗanmusa. Gwamnansa ya ce ya sayi bindiga, Abuja ta ce in ya saya za a ɗaure shi, wanda ke zuwa masa da dare kuwa bai nemi izinin kowa ba. Tsarin mulkin da ya hana jiha taɓa dokar makamai shi ne ya ce a sashe na 14 tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Ba daidai ba ne a riƙe rabin farko da ƙarfi a saki na biyu.

Don haka ra'ayina ya rabu biyu, kuma ban ga saɓani a ciki ba. Ni da ire-irena na birni, masu albashi da mota da katanga, ba mu da hujjar neman fistol, kuma ko gobe aka halatta ba zan saya ba. Mutumin ƙauyen da ke bakin daji kuwa yana da hujja mai ƙarfi, sai dai abin da yake bukata kishiyar abin da ke cikin bidiyon ne. Yana bukatar doguwar bindiga da kowa ya san da ita, mai lamba a littafin hukuma, a hannun mutumin da dagaci da limami da DPO suka san sunansa da na ubansa, wanda aka horar, ake ƙirga harsashin da aka ba shi, kuma akwai wanda zai tuhume shi in ya yi amfani da ita a kasuwa maimakon bakin gari. Rundunar tsaron al'umma da Gwamna Dikko Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, da matasa 1,466 a rukunin farko, yunƙuri ne ta wannan fuska, haka ma Askarawan Zamfara da suka biyo baya a farkon 2024. Ganuwa ce ta mutane a maimakon ta ƙasa.

Ba na faɗin haka da sakin jiki. Mun ga abin da 'yan sa-kai suka zama a wurare da dama: kama Bafulatani a kasuwa a yanka ba shari'a, ƙona ruga saboda laifin wani, har waɗanda ba su da hannu suka shiga daji don ramuwa. Masu nazarin rikicin nan da yawa suna lissafa wannan cikin abubuwan da suka hura wutar tun farkonta a Zamfara. Mun kuma ga farashin tsayawa. A Agustan 2025 aka buɗe wuta kan masu sallar asuba a Unguwar Mantau ta ƙaramar hukumar Malumfashi, aka kashe gommai, kuma gwamnatin jiha ta ce ramuwa ce kan kwanton ɓaunar da mutanen garin suka yi wa maharan kwanaki kaɗan kafin nan. Garin da ya kare kansa yau yana bukatar wanda zai zo masa gobe da jibi, in ba haka ba jaruntakarsa ta zama dalilin halakarsa. Makamin da ke hannun jama'a yana sayen minti talatin ne ko awa ɗaya kafin agaji ya iso. In agajin ba ya zuwa, babu yawan bindigar da zai cike gurbinsa.

Ƙasashen da suka buɗe wannan ƙofa da hankali sun fara ne da gina abin da zai riƙe ta. Dokar Afirka ta Kudu ta 2000 ta yarda mutum ya mallaki bindiga ɗaya don kare kai, amma sai ya kai shekara 21, ya ci jarrabawar ƙwarewa, an binciki tarihinsa, an tabbatar yana da akwatin ajiya, kuma ya sabunta lasisin duk shekara biyar. Da duk wannan, bindigogi masu lasisi na ɓacewa ko a sace su a can kowace shekara su faɗa hannun 'yan fashi, har da na 'yan sanda. Mu da dokarmu ta 1959 ke cewa ɗan shekara 17 ya isa neman lasisi, kuma tarar riƙe adaka ba izini naira 1,000 ce, kuɗin da bai sayen litar fetur biyu, muna da aiki a gabanmu kafin mu kai ga gardamar Glock da Taurus. An kafa cibiyar ƙasa ta hana yaɗuwar ƙananan makamai a 2021, aka ba ta doka a 2024, amma aikinta tattara makamai ne da toshe hanyar shigowarsu. Tambayar wa ya cancanci riƙe makami a ƙauyen da ofishin 'yan sanda mafi kusa ke da nisan awa guda a kan babur, har yanzu tana jiran Majalisar Tarayya, inda Katsina ke da sanatoci 3 da 'yan majalisar wakilai 15.